Gida a Kan Taya: Darasin da Mota Ta Koya Daga Tafin Raƙumi

A ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya akwai wata al'ada da ta daɗe da samun gindin zama. Mutum yakan sayi ƙaramar motar bas, irin wadda ake jigilar fasinja da ita a tashoshin ƙasar nan, ya cire kujerun baya, ya kafa gado da murhu da ma'ajiyar ruwa, ya mayar da ita ɗakin kwana mai tafiya. Tun a shekarar 1951 wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya fara yi wa motocin Volkswagen irin wannan gyara, kuma daga baya jama'a suka riƙa yin abinsu da hannunsu a bayan gida. Mafi yawan masu wannan sha'awa ba sa barin kwalta. Amma akwai waɗanda ransu ke biya musu hamada, su ne kan nemi bas ɗin da injinta ke juya dukkan ƙafafunta huɗu, irin motar da mutanen Nijar ke kira kat-kat, kamar Mitsubishi Delica, ko Toyota HiAce mai wannan tsari, ko Volkswagen Syncro da aka fara fitarwa a tsakiyar shekarun 1980.

To, a nan ne ake yin ta. Sau da yawa motar da aka kashe wa dukiya, mai inji da ya fi ƙarfin dawaki ɗari, takan kafe a cikin rairayi har ciki ya taɓa ƙasa, alhali ga raƙumi nan ɗauke da kantun gishirin Bilma yana wucewa ta gefenta ko a jikinsa. Me raƙumin yake da shi wanda motar ta rasa? Amsar tana cikin darasin da kowane ɗalibin sakandare ya taɓa ji a ajin kimiyya, kuma ta shafi duk direban da ke bin hanyoyin Yusufari da Machina a Jihar Yobe, ko hanyar Agadas zuwa Dirku, ko da kuwa bai taɓa tunanin kwana a cikin mota ba.

Halin rairayi

Rairayi ɓarɓashin duwatsu ne da ruwa da iska suka daɗe suna niƙawa. Masana sun yi masa iyaka da cewa ƙwayarsa ba ta wuce milimita 2 a kauri, kuma na tuddan hamada yawanci bai kai rabin milimita ba. Abin da ya bambanta shi da laka ko jar ƙasa shi ne ƙwayoyinsa ba sa manne wa juna. Ba abin da ke riƙe su sai gogayyar da ke tsakanin wannan ƙwaya da waccan. Saboda haka busasshen rairayi yana da hali biyu: in an taka shi a hankali ya tsaya kamar ƙasa, in an ture shi ya gudana kamar ruwa.

Malami na iya nuna wa ɗalibansa wannan ba tare da kayan ɗakin gwaji ba. A zuba busasshen rairayi a kan faifai a hankali har ya yi tsibi, sannan a auna gangaren tsibin. Za a tarar yana tsakanin digiri 30 da 34, kuma komai yawan abin da aka ƙara ba zai wuce haka ba, sai dai ya riƙa zubowa. Sannan a cika daro da rairayin, a ɗauko bulo ɗaya a kwantar da shi a kai, a ɗaga a duba gurbin da ya bari. A sake ɗora shi a tsaye ta ƙaramin gefensa. Nauyin bulon bai canja ba, amma gurbi na biyu zai fi zurfi. Wannan shi ne abin da ake kira danni, wato nauyi idan an raba shi da faɗin wurin da ya hau. Rairayi bai san ƙarfin inji ba, kuma bai damu da tsadar mota ba. Abin da ya sani kawai shi ne kilo nawa aka ɗora wa kowane murabba'in santimita nasa.

Idan taya ta nutse, ko da santimita goma ne, sai wani ɗan tudu ya taru a gabanta. Daga nan duk juyin da za ta yi hawan wannan tudu take yi, kuma tana hawa yana rushewa, wani yana taruwa. Ke nan motar da ake gani a shimfiɗaɗɗen fili, a haƙiƙa hawan tudu take yi wanda ba ya ƙarewa. Shi ya sa inji ke zafi, shi ya sa kuma shan mai kan kusan ninkawa a cikin rairayi mai laushi.

Tafin raƙumi

Jaki da doki suna tafiya ne a kan kofato, wato farcen yatsa ɗaya tak, mai tauri, wanda ba ya buɗewa. A kan tsandauri babu kamarsa, amma a cikin rairayi sai ya zama tamkar turke. Shi kuwa raƙumi yatsu biyu gare shi a kowace ƙafa, kuma ba a kan farce yake tafiya ba. Yatsun suna kwance ne a kan wani faffaɗan matashi na kitse da jijiyoyi, wanda fata mai kauri ta rufe ta ƙasa. Idan ya ɗora nauyinsa matashin yakan baje ya ƙara faɗi, idan ya ɗaga ƙafar kuma ya tsuke, ta fito ba tare da ta kwaso rairayi ba.

A ƙaddara raƙumi mai kilo 500 ne aka ɗora wa kayan kilo 150, a kuma ƙaddara faɗin kowane tafinsa murabba'in santimita 250 ne. Idan yana tsaye, kilo 650 ke nan a kan murabba'in santimita 1,000, wato bai kai kilo ɗaya a kan kowane murabba'i ba. A riƙe wannan lissafi, domin za a kwatanta shi da na mota.

Ba raƙumi kaɗai aka yi wa wannan baiwa ba. Yanyawa tana da gashi mai yawa a tafin ƙafarta, wanda ke kare ta daga ƙunar rairayi ya kuma taimake ta wajen gudu a kansa. Wata dabbar dawa dangin gada da ake kira adaks, wadda wasu daga cikin 'yan kaɗan ɗin da suka rage a daji suke yankin Tarmit na ƙasar Nijar, kofatonta faffaɗa ne fiye da na 'yan'uwanta mazauna tsandauri. Akwai kuma wata irin kulɓa ta hamada da ta bi wata hanya dabam: ita nutsewa take yi da gangan. A shekarar 2009 masu bincike a Amurka sun ɗauki hotonta da na'urar da ke ganin abin da ke ɓoye, suka tarar idan ta shiga ƙarƙashin rairayi takan manne ƙafafunta a jiki, ta riƙa lanƙwasa kamar kifi a ruwa. Mota dai ba ta iya iyo, don haka hanyar raƙumi ce kaɗai ta rage mata.

Sirrin yana cikin iskar taya

Mutanen da suka fara ratsa Sahara da mota sun nemi kauce wa taya ne. A ranar 17 ga Disamba 1922 wasu Faransawa suka tashi daga Tugurt ta ƙasar Aljeriya da motocin Citroën guda biyar, waɗanda aka sa wa ɗamarar roba a madadin ƙafafun baya, irin ta tankar yaƙi. Sun isa Tambutu ranar 7 ga Janairu 1923. Dabarar ta yi aiki, domin ɗamarar tana baza nauyi a wuri mai faɗi, sai dai tana da tsada, ga saurin lalacewa.

Wanda ya nuna cewa taya ma za ta iya shi ne wani hafsan sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold, wanda aka haifa a 1896 ya rasu a 1990. Daga 1929 zuwa cikin shekarun 1930, shi da abokansa sun yi ta kutsawa cikin manyan tuddan rairayin da ke tsakanin Masar da Libiya da motocin Ford, waɗanda ƙafafun baya kaɗai injinsu ke juyawa. A lokacin an ɗauka babu motar da za ta shiga wurin ta fito. Dabarunsu ba masu wuya ba ne: a rage nauyi, a sassauta iskar taya, a riƙe dogayen faifan ƙarfe da za a cusa ƙarƙashin taya idan ta kafe. Da yake ƙarfen mota yana rikita allurar kamfas, sai Bagnold ya ƙera wani kamfas mai aiki da inuwar rana. Ya kuma jona bututu daga bakin lagireto zuwa wani gwangwani mai ɗan ruwa, ta yadda tururin da zai tsere zai huce a ciki, idan inji ya yi sanyi kuma ya zuƙe ruwansa ya koma. Duk wanda ya buɗe gaban motar zamani zai ga wata 'yar robar ruwa kusa da lagireto tana wannan aiki. A 1941 Bagnold ya wallafa littafinsa a kan yadda iska ke kwasar rairayi tana gina tuddai, wanda har yau masana ke komawa gare shi.

Me ya sa rage iska ke aiki? Iskar da ke cikin taya ita ke ɗauke da mota, ba robar ba. Taya takan lotsa ne har sai faɗin inda ta taɓa ƙasa ya isa ya tallafi nauyin da ke kanta. A ɗauki bas mai kilo 3,000, kowace taya tana ɗauke da kilo 750. Idan an bunƙara mata iska ta kwalta, wato kimanin kilo 2.5 a kan kowane murabba'in santimita, ko 35 a ma'aunin masu faci, to wurin da take taka ƙasa da shi zai kai murabba'in santimita 300, kamar tafin hannun babban mutum guda biyu. Dannin da take yi wa rairayi ya ninka na raƙumin nan kusan sau huɗu. Idan aka sace iskar ta koma rabi, wato 17 ko 18 a ma'aunin masu faci, sai wurin takun ya doshi murabba'in santimita 600. A zahiri ba ya cika ninki cif, domin taurin robar kanta yana ɗauke wani kaso na nauyin, amma bambancin ya isa ya fitar da motar da ta kafe.

Akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi a nan. Ganin yadda cikin taya ke bultsowa ta gefe idan an rage iska, sai su ɗauka faɗi take ƙarawa. Abin da ya fi ƙaruwa shi ne tsawon takun, daga gaba zuwa baya, kuma hakan ya fi alheri, domin tudun da ke gaban tayar bai ƙara faɗi ba, ga shi kuma nauyin ya bazu. Don haka ne tsofaffin direbobin hamada da yawa suka fi son doguwar taya a kan gajera mai faɗi. Taya mai manyan haƙora kuwa, wadda ta dace da taɓo, a cikin rairayi haƙa take yi kamar fartanya.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar kuma tana haifar da zafi, in aka yi gudu da ita sai ta fashe. In aka murɗa sitiyari da ƙarfi tana iya saɓulewa daga jikin ƙarfenta. Gefenta da ya bultso kuma abinci ne ga ƙaya da tsinin dutse. Saboda haka wanda zai rage iska dole ne ya mallaki ma'auni da famfo, ya mayar da ita da zarar ya fita daga rairayi.

Ƙafa huɗu ba ta isa ba

Sunan kat-kat yakan ruɗi sabon direba. Idan mota za ta sha kwana, tayar waje tana yin tafiya mai nisa fiye da ta ciki, don haka aka sa wata na'ura mai haƙora a tsakanin kowace taya biyu, wadda ke ba su damar juyawa da sauri daban-daban. Aibinta shi ne, in taya ɗaya ta rasa abin kamawa, sai ita ta yi ta wulwulawa, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai ƙarfi ta tsaya cik. Ta haka motar da ake taƙama da ita za ta iya kafewa da taya ɗaya a gaba, ɗaya a baya suna watsa rairayi sama, sauran biyun suna hutawa. Motocin da aka yi domin irin wannan hanya suna da makullin da ke tilasta wa tayoyin juyawa tare, kuma wanda zai sayi bas don shiga hamada ya kamata ya tambayi wannan kafin ya tambayi launin fenti.

Sauran aikin yana hannun direba. A tashi a hankali, a riƙe gudu madaidaici, kada a yi ta canja giya a tsakiyar wuri mai laushi, domin a ɗan lokacin da aka taka kuloci rairayi yakan kama motar. Ba a taka birki da ƙarfi, sai dai a ɗaga ƙafa daga totur, rairayin da kansa zai tsayar da ita. In da hali kuma a tsaya hancin mota na kallon gangare. Tafiyar asuba ta fi ta azahar, saboda ɗan danshin dare yana ɗaure ƙwayoyin rairayi da juna, kamar yadda yaro ke iya gina ɗaki da jiƙaƙƙen yashi amma ba ya iyawa da busasshe, ga shi kuma inji ya fi jin daɗin sanyin safiya.

Tudun rairayi kuwa fuska biyu gare shi. Ɓangaren da iska ke bugowa yana da sauƙin hawa, kuma ya fi tauri domin iskar ta daddale shi. Ɗaya ɓangaren, inda rairayin ke zubowa, shi ne mai gangaren nan na digiri 30 zuwa 34, kuma laushinsa kamar gari. Mai hawa ta ɓangare mai tauri ba ya ganin abin da ke bayan ƙololuwa, in ya zo da gudu sai motar ta yi tsalle ta kifa da hanci. Ana hawa a miƙe, ana sauka a miƙe da ƙaramar giya. Ba a gitta tudu a karkace, musamman da bas mai tsayi.

In kuwa an kafe, babban laifi shi ne ci gaba da taka totur, domin kowane juyi kabarin motar yake ƙara haƙawa. A sauka, a ƙara rage iska, a kwashe rairayin da ke gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa faifan ƙarfe, ko kuma a koma da baya a kan sawun da aka riga aka daddale. Kada wani ya ga kamar kafewa alamar rashin wayo ce. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta aika wata 'yar mota mai taya shida mai suna Spirit zuwa duniyar Mas, ta kuwa kafe a ƙasa mai laushi a 2009. Injiniyoyi suka shafe watanni suna ƙoƙarin fitar da ita daga nan duniya, abin ya faskara, kuma tun watan Maris na 2010 ba a sake jin ɗuriyarta ba. Babu mai shebur a kusa. A can duniyar ta Mas ɗin ma akwai wasu tuddan rairayi da aka raɗa wa sunan Bagnold.

Gina ɗakin

Wanda ya fahimci abin da ya gabata ya riga ya san babbar ƙa'idar mayar da bas ɗakin kwana: duk abin da aka ɗora mata, rairayi zai tambaya. Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya rubuta a jikinta, kuma ga irin waɗannan ƙananan bas abin da za su iya ɗauka yawanci bai wuce kusan tan ɗaya ba. A yi lissafin mutum biyu da za su yi mako guda nesa da rijiya da gidan mai. Su kansu kilo 150. Ruwa lita 200, kilo 200 ke nan, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ƙarin man dizal lita 120 ya kai kusan kilo 100. Tayoyin ko-ta-kwana guda biyu, a ce kilo 60. Gado da akwatuna kilo 150, batir da firji da faifan hasken rana kilo 70, abinci da kayan gyara kilo 100. An tashi da kilo 830 ke nan, ba a sa tufafi ba. Kafintan da ya saba yin kabad ɗin amarya da katako mai kauri zai yi aiki mai kyan gani, amma a nan falle mai sauƙi ake bukata.

Inda aka ajiye kayan ma abin lura ne. Kowane abu yana da cibiyar nauyi, kuma yana kifewa ne idan ya karkata har cibiyar ta fita daga tsakanin ƙafafunsa. Bas dama can doguwa ce siririya. Idan aka jera jarkokin ruwa da na mai a kan rufinta, kamar yadda ake yawan gani a hotuna, an ɗaga cibiyar sama, ɗan karkata kaɗan a gefen tudu ya isa ya kwantar da ita. Ruwa da batir da kayan ƙarfe wurinsu ƙasa ne, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure tamau. Rufi na tabarma ne da bargo. Ya fi kyau kuma a raba ruwa a mazubi da yawa, domin in babban tanki ɗaya ya huje, shi ke nan.

Sai batun zafi. Motar da aka rufe a rana tana iya ɗara zafin waje da digiri 20 cikin sa'a ɗaya, domin hasken rana yana ratsa gilashi ya dumama kayan ciki, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Maganin shi ne farin fenti a rufi, da abin tare zafi tsakanin ƙarfe da allon ciki, da labule mai ƙyalli a tagogi, da kafar iska biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, tunda iska mai zafi sama take tashi. Da dare kuma lamarin yakan juya. Sararin hamada ba shi da gajimare da zai riƙe ɗumi, a lokacin hunturu sanyi yakan kusan daskarar da ruwa. Nan ne haɗari mafi muni yake. Matafiyi yakan rufe tagogi ya kunna murhun gas ko ya shigo da garwashi don jin ɗumi. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da gubar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, wato himogulobin, yana kama wannan guba fiye da yadda yake kama oksijin sau fiye da 200. Mai barci ba ya jin komai, sai dai a wayi gari a tarar da shi. Wannan gargaɗi ya hau kan mai kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, da mai kunna janareto a cikin gida.

Jikin da ba a yi shi don hamada ba

Me ya sa aka ware wa mutum biyu har lita 200? Kimanin kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne, kuma idan zafin waje ya wuce na jiki, gumi ne kaɗai hanyar da ta rage masa ta hucewa. Kowace lita ta gumi da ta bushe a kan fata tana tafiya da zafi kimanin kilokalori 580. Da wannan hikima ce randa da salka ke sanyaya ruwa. Mutumin da ke haƙar rairayi a ƙarƙashin mota da tsakar rana yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a cikin sa'a guda. Binciken da Edward Adolph ya jagoranta a kan sojojin Amurka a hamada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka wallafa a 1947, ya nuna cewa ba a iya horar da jiki ya saba da ƙarancin ruwa. Wanda ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ta hanyar gumi ƙarfinsa ya fara raguwa, in abin ya wuce kashi 10 kuwa ransa na cikin haɗari, kuma tun kafin a kai nan hankalinsa ya soma gushewa, ya fara yanke shawarar da ba zai yanke ba da yana cikin hayyacinsa.

A nan ma raƙumi ya yi wa ɗan Adam nisa. A 1953 da 1954 masanin halittu Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa sun yi nazarin raƙuma a Beni Abbas ta ƙasar Aljeriya. Sun gano cewa raƙumin da ke jin ƙishirwa yakan bar zafin jikinsa ya sauka zuwa wajen digiri 34 da asuba, ya hau har ya wuce 40 da yamma, maimakon ya yi ta gumi don ya tsayar da shi wuri ɗaya. Zafin da ya tara da rana sai ya sake shi cikin sanyin dare kyauta, ya tsimi kusan lita 5 na ruwa a yini. Yana iya rasa ruwan da ya kai rubu'in nauyinsa bai faɗi ba, in ya samu rijiya kuma ya shanye lita 100 cikin 'yan mintoci. Tozonsa dai kitse ne, ba ruwa ba, saɓanin abin da ake yawan faɗa. Da wannan jiki ne ayarin Abzinawa suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ratsa Tenere daga yankin Agadas zuwa Fachi da Bilma, tafiyar kusan kilomita 600, su dawo da gishiri da dabino.

Mota ta gajarta wannan tafiya, amma ta zo da nata sharaɗin: in ta tsaya, mutanen cikinta sun koma masu tafiya a ƙasa a inda ƙafa ba ta kai mutum ga ruwa. Kuma mafi yawan masu ratsa Sahara da mota ba 'yan yawon buɗe ido ba ne masu firji da gado. Talakawa ne masu neman abinci, a cunkushe a kan motocin da aka yi wa lodin da ya wuce kima. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Nijar da Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, bayan da motocin da suka ɗauko su suka lalace. Ƙishirwa ce ta kashe su. Gwamnatin Nijar ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Saboda irin wannan ne ƙwararru ba sa yarda mota ɗaya ta shiga hamada ita kaɗai, sukan kuma sanar da wani hanyar da za su bi da ranar da ake sa ran isarsu. In mota ta mutu, shawarar masu aikin ceto ita ce a zauna kusa da ita: tana ba da inuwa, kuma ta fi mutum sauƙin hangowa daga nesa. A yi kowane aiki da dare ko da asuba, a kwanta a inuwa da rana.

Sawun da ba ya gogewa

Sawun taya a kan tudun rairayi iska kan share shi cikin kwana ɗaya. Amma hamada ba duka tuddai ba ce. Filayen tsakuwa sun fi yawa, kuma a can sawu yakan daɗe ƙwarai; har yanzu ana ganin na motocin Yaƙin Duniya na Biyu a wasu sassan hamadar Libiya da Masar. A gefen hamada kuma, inda ake samun ɗan ruwan sama, fuskar ƙasa tana da wani siririn ɓawo da wasu ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani suka saƙa. Shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta, kuma taya ɗaya ta isa ta farfasa abin da ya ɗauki shekaru yana haɗuwa. Direban da ya bi sawun da ya tarar ya rage ɓarna, ya kuma sami ƙasar da aka riga aka daddale masa.

A kan hanyar ayari ta Agadas zuwa Bilma an taɓa yin wata bishiyar ƙaya, 'yar'uwar bagaruwa, tsaye ita kaɗai a tsakiyar Tenere, har masu zana taswira suna sa ta a matsayin alama. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 kafin su cim ma ruwa. Madugai sun yi zamani bayan zamani suna yada zango a gindinta, ba wanda ya sare ta don itacen girki. A 1973 wata babbar mota ta banke ta. An kwashe gangar jikinta zuwa gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, aka kafa wata ta ƙarfe a gurbinta.